Kama Jirgi Maras Matuƙi Ba Tare da Harbo Shi Ba: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Binciken?

A 'yan shekarun nan ƙaramin jirgi maras matuƙi ya bar hannun sojoji da masu bincike ya shiga kasuwa, ta yadda mai ɗaukar hoton biki da manomi da ɗan jarida duk suna iya sayensa a kanti su tayar da shi a ranar. Hukumomin sufurin sama a Amurka da Tarayyar Turai suna lissafa jirgin da nauyinsa bai kai kilo 25 ba a cikin ƙanana, amma galibin waɗanda ke hannun jama'a ba su wuce kilo ɗaya ko biyu ba, farfela huɗu gare su da batir da kyamara, kuma ta zangon rediyo mai jirgin yake juya su daga na'urar da ke hannunsa. Arhar jirgin da sauƙin sarrafa shi su suka sa ya zama abin amfani, su ne kuma suka sa ya zama abin damuwa ga masu tsaron filayen jiragen sama da gidajen yari da filayen wasa, domin katanga da ƙofa da mai gadi duk an tanade su ne saboda wanda zai zo ta ƙasa.

Wannan ya sa gwamnatoci da dama suke zuba kuɗi a wani reshen bincike da ke neman na'urar da za ta hango irin wannan jirgi da kanta, ta tabbatar cewa ba shi da izinin shiga wurin, sannan ta dakatar da shi ba tare da ta tarwatsa shi a sama ba. Dabarun yin hakan an daɗe da saninsu a ɗakunan bincike. Abin da ya yi wuya shi ne samun wanda zai biya kuɗin tsawon lokacin da ke tsakanin ƙirƙiro dabara da tabbatar da cewa tana aiki a tsakiyar birni, cikin hazo da iska da cunkoson jama'a, kuma a kan wannan gaɓa ne ake gane tallafin da ya yi amfani da wanda ya tafi a banza.

Yadda matsalar ta fito fili

A watan Janairun 2015 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a harabar fadar White House da ke Washington ba tare da na'urorin tsaron fadar sun tare shi ba, sannan a watan Afrilun shekarar aka tsinci wani a kan rufin ofishin Firayim Ministan Japan a Tokyo ɗauke da yashi mai ɗan burbushin sinadarin nukiliya, wanda wani mai adawa da manufar nukiliyar ƙasar ya aika, kuma jirgin ya yi kusan mako biyu a wurin kafin a gan shi. A watan Agustan 2018 jirage biyu ɗauke da abin fashewa suka tarwatse kusa da inda Shugaba Nicolás Maduro yake jawabi a Karakas, babban birnin Benezuwela.

Lamarin da ya fi girgiza masu tsara manufofi shi ne na filin jirgin sama na Gatwick da ke kudancin Landan, inda rahotannin ganin ƙananan jirage daga 19 zuwa 21 ga Disamban 2018 suka sa aka rufe titin tashi da sauka, aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000, abin da ya shafi fasinjoji wajen 140,000 ana dab da Kirsimeti. An kira sojoji da kayan aikinsu, an kama mutum biyu aka sake su ba tare da tuhuma ba, kuma har yau ba a gurfanar da kowa ba. Kusan shekaru bakwai bayan haka tsugune ba ta ƙare ba, domin a watan Satumban 2025 an rufe filin jirgin Kopenhagen na sa'o'i saboda irin wannan dalili, haka kuma filin jirgin Munich na Jamus a farkon Oktoba.

Dalilin guje wa harbi

Tambayar da ta fi zuwa bakin mai karatu ita ce me ya hana a harbo jirgin a huta. Amsar farko tana ƙasa: harsashin da ya kuskure jirgi sai ya sauka a wani wuri, jirgin da aka samu kuwa zai faɗo da batirinsa mai iya kamawa da wuta da duk abin da yake ɗauke da shi, kuma a filin ƙwallo ko kusa da rumbun mai faɗowar tana iya fin shawagin ɓarna. Amsa ta biyu ta shafi shari'a, domin jirgin da aka kama lafiya yana riƙe da lambar masana'anta da hotunan da ya ɗauka da bayanan inda ya taso, waɗanda su ne shaidar da 'yan sanda za su bi su kai ga mai shi, alhali wanda aka tarwatsa ya tafi da shaidarsa.

Akwai kuma batun tsada, wanda Janar David Perkins na sojan Amurka ya fito da shi a 2017 lokacin da ya bayyana cewa wata ƙawar Amurka ta yi amfani da makami mai linzami samfurin Patriot, mai kuɗi kimanin dala miliyan 3, wajen kakkaɓo jirgin da bai fi dala 200 ba. Duk wanda ke kare kansa ta wannan hanya, abokin gaba zai iya talauta shi da jiragen kanti. Doka ma ta ɗaure hannun masu gadi: a Amurka ana ɗaukar ƙaramin jirgi a matsayin jirgin sama, lalata shi laifi ne a dokar tarayya, amfani da na'urar toshe zangon rediyo haramun ne ga jama'a, kuma sai a 2018 majalisa ta ba ma'aikatar shari'a da ta tsaron cikin gida ikon dakatar da irin waɗannan jirage a wasu keɓaɓɓun wurare.

Hangowa da kamawa

Aikin kariya yana bin matakai a jere, kuma kowanne da irin wahalarsa. Rada, wato na'urar da ke aika zangon rediyo ta saurari dawowarsa bayan ya bugi wani abu a sama, an ƙera ta ne tun asali don manyan jirage, kuma ta saba watsi da ƙananan abubuwa masu tafiya a hankali saboda kada tsuntsaye su cika mata allo. Ƙaramin jirgi kuwa girmansa da saurinsa na tsuntsu ne, shi ya sa sabbin na'urori suke neman alamar jujjuyawar farfela don bambance shi da shirwa ko tattabara, kuma ba abin mamaki ba ne cewa kamfanin Robin Radar na ƙasar Holand, wanda ya yi suna a wannan fanni, da lura da tsuntsaye ya fara. Ana haɗa rada da na'urar sauraron zangon da jirgi ke magana da mai shi, wanda galibi yake kan gigahaz 2.4 ko 5.8, da kyamarar da ke ganin zafi da dare, da makirfo mai gane ƙarar farfela, saboda kowace ɗaya tana da makantar da 'yar'uwarta ke rufewa.

Bayan hangowa sai dakatarwa. Hanya mafi yaɗuwa ita ce toshe sadarwa, wato cika zangon da hayaniya har jirgin ya daina jin umarnin mai shi, inda mafi yawan jiragen kanti suke sauka a hankali ko su koma inda suka taso. Illarta ita ce hayaniyar ba ta zaɓe, tana iya taɓa intanet ɗin unguwa ko na'urorin filin jirgi. Hanya ta biyu ta fi tsabta, ita ce ƙwace ragama, inda na'ura ke kwaikwayon harshen da jirgin ke fahimta ta karɓe shi daga hannun mai shi ta saukar da shi a wurin da aka tanada, kamar yadda na'urar EnforceAir ta kamfanin D-Fend Solutions take yi. Sai dai wannan yana aiki ne a kan samfuran da aka riga aka nazarci harshensu, jirgin da mutum ya harhaɗa a ɗakinsa kuwa yana iya wucewa.

Hanya ta uku ita ce kamawa da raga. Na'urar SkyWall 100 ta kamfanin OpenWorks na Birtaniya bututu ce da ake saɓawa a kafaɗa, tana harba ƙunshi da ƙarfin matsattsiyar iska zuwa nisan mita 100 ko kusa da haka. Madubin saiti yana auna nisan jirgin da saurinsa ya sanar da mai harbi lokacin da ya dace, ƙunshin ya tashi ya buɗe dab da jirgin, ragar ta baje kamar komar masunci ta naɗe farfelun, sannan ƙaramar lema ta buɗe ta sauko da jirgin da ragar a hankali. Kamfanin Fortem na Amurka ya ɗora irin wannan raga a kan wani jirgi maras matuƙi mai suna DroneHunter, wanda ke da radarsa, yana bin abin farautarsa da kansa, ya jefa masa raga ya ja shi a igiya zuwa nesa da jama'a, kuma yana cikin kayan da Katar ta tanada don gasar cin kofin duniya ta 2022. 'Yan sandan Holand har gaggafa suka horar a 2016 don cafko jirage, amma suka daina a 2017 saboda tsadar horon da kuma rashin tabbacin cewa tsuntsun zai bi umarni a kowane lokaci.

Abin da ya sa ake son na'ura mai aiki da kanta

Lissafin lokaci shi ne babbar hujja. Jirgin da ke gudun kilomita 72 a sa'a yana cin mita 20 a kowace daƙiƙa, don haka idan an hango shi daga nisan kilomita ɗaya, daƙiƙa 50 kacal suka rage kafin ya iso, jirgin tsere mai gudun kilomita 200 a sa'a kuwa zai cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 18. A wannan ɗan lokaci ne ake so mai gadi ya duba allo, ya tabbatar ba tsuntsu ba ne, ya bincika ko jirgin 'yan sanda ne ko na gidan talabijin, ya nemi izini, ya saita na'ura. Idan jiragen sun kai biyar daga kusurwoyi daban-daban, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Saboda haka ake koya wa kwamfuta, ta hanyar ƙirƙirarriyar basira da ake ciyar da ita dubban hotuna da sautuka, ta haɗa bayanan na'urori ta yanke hukunci cikin ƙiftawar ido.

Yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara wa batun nauyi, domin tun daga 2024 ɓangarorin biyu suke amfani da jiragen da ke jan siririn zaren gilashi mai tsawon kilomitoci a bayansu, wanda umarni da hoto ke bi ta cikinsa a matsayin haske. Irin wannan jirgi ba ya fitar da zangon rediyo, don haka na'urar sauraro ba ta jinsa, na'urar toshewa kuma ba ta da abin da za ta toshe. Haka ma jirgin da aka tsara masa hanya tun kafin ya tashi, yana gane wuri da kyamararsa. Waɗannan sauye-sauye sun mayar da hankali kan kamawa a sama, wato jirgi ya bi jirgi, kuma bin abu mai kauce-kauce a sama aiki ne da kwamfuta ta fi ɗan'adam iyawa. Rashin ɓarna shi ke sa a iya amincewa da hukuncin na'ura, domin idan ta yi kuskure ta kama jirgin mai ɗaukar hoto, ana iya mayar masa da kayansa a ba shi haƙuri, abin da ba zai yiwu ba idan da makami aka yi aikin.

Inda kuɗin ke fitowa

Kasuwa ita kaɗai ba ta iya renon wannan fasaha, saboda masu sayenta 'yan kaɗan ne kuma kusan dukkansu hukumomi ne masu jan ƙafa wajen sayayya, sannan ƙaramin kamfani ba shi da izinin gwada na'urar toshe sadarwa ko harba raga a cikin gari, filin gwajin da doka ta amince da shi kuwa yana da tsada. Mai zuba jari yana son ganin kwangila kafin ya saki kuɗi, hukuma kuma tana son ganin an gwada kafin ta ba da kwangila, kuma a tsakanin waɗannan buƙatu biyu ne kamfanoni da yawa suke mutuwa da kyawawan samfuransu.

Hanya ɗaya ta cike wannan giɓi ita ce gasa mai lada, wadda hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta fito da darajarta. A gasar motoci masu tuƙa kansu da ta shirya a hamadar Mojave a 2004 babu motar da ta kammala, wadda ta fi nisa ma ba ta cika kilomita 12 ba, amma da aka sake a 2005 motoci biyar suka kai ƙarshe, ƙungiyar Jami'ar Stanford ta ɗauki dala miliyan 2. Cibiyar MITRE, wadda ba ta neman riba kuma take yi wa gwamnatin Amurka bincike, ta bi wannan sawu a 2016 da gasar dala 100,000 kan dakatar da jiragen da ba su kai nauyin kilo biyu da rabi ba ta hanyar da ta dace da cikin gari, aka yi gwajin ƙarshe a sansanin Quantico, inda SkyWall ta yi fice a ɓangaren kamawa. Amfanin gasa shi ne ba a biyan alkawari, sakamako ake biya, illarta kuwa ita ce mai ƙaramin ƙarfi sai ya ci bashi kafin ya kai filin. Ita ma DARPA ta ɗauki nauyin wani shiri na kare ayarin motocin soja a wuraren da jama'a ke zaune, wanda a gwajinsa na 2021 a sansanin Eglin da ke Florida aka nuna jirgi mai fesa dogayen zaruruwa masu ƙarfi da ke sarƙe farfela.

Hanya ta biyu ita ce tallafi mataki-mataki. Watanni kaɗan bayan abin da ya faru a Gatwick, hukumar DASA da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Birtaniya ta buɗe gasa a 2019, ta raba kusan fam miliyan 2 ga shawarwari 18, da nufin a ga waɗanda suka yi alamar tsiro kafin a ƙara musu a zagaye na gaba. Jamus ta kafa hukumar SPRIND a birnin Leipzig a 2019 don tallafa wa ƙirƙire-ƙirƙiren da bankuna da manyan kamfanoni ke tsoron kasadarsu, kuma tsarinta shi ne ta ba ƙungiyoyi da dama kuɗi a lokaci guda su tunkari matsala ɗaya ta hanyoyi mabambanta, alƙalai su tace su a ƙarshen kowane mataki. A 2025 ta ɗora wannan tsari a kan kariya daga ƙananan jirage, da sharaɗin na'urar ta yi aiki da kanta kuma kada ta yi ɓarna. Hikimar wannan hanya ita ce mai ba da kuɗi ya amince tun farko cewa bai san wace dabara za ta yi nasara ba, ya kuma yarda cewa mafi yawan waɗanda ya tallafa wa za su faɗi.

Hanya ta uku ita ce sayen hannun jari, kamar asusun ƙirƙira na ƙungiyar NATO mai yuro biliyan 1 wanda ƙasashe 24 suka haɗa don shiga ƙananan kamfanonin fasahar tsaro. Manyan kamfanoni ma suna sayen waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, kamar yadda Axon ya sayi Dedrone a 2024.

Gwaji da ma'auni

Ɓangaren da ba ya jan hankalin 'yan jarida, amma ya fi kowanne tasiri, shi ne kuɗin da ake kashewa wajen auna gaskiyar abin da kamfanoni ke faɗa. Ɗaruruwan na'urori ne a kasuwa, kowace da takardar talla mai cewa tana hango jirgi daga nesa, alhali galibi a fili fetal aka auna ta, ba a tsakanin dogayen gine-gine masu mayar da zango ba. Don haka ne 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, tare da 'yan sandan Norwe suka shirya atisaye a filin jirgin Oslo a watan Satumban 2021, aka gwada na'urori yayin da filin ke ci gaba da aikinsa, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki nauyin shirin COURAGEOUS don samar da ƙa'idar gwaji guda da za a riƙa auna kowace na'ura da ita. Cibiyar binciken tsaro ta Birtaniya ta fito da SAPIENT, wani harshe na bai-ɗaya da ke ba radar wani kamfani damar magana da kyamarar wani, wanda NATO ta rungume shi, kuma amfaninsa shi ne hukuma ba za ta zama baiwar kamfani ɗaya ba, ƙaramin mai ƙirƙira kuma zai iya sayar da ɓangare ɗaya mai kyau ba sai ya gina komai da komai ba.

Wannan batu ya shafi yankin Sahel da tafkin Chadi kai tsaye, domin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina Faso suna ɗaura abubuwan fashewa a jiragen kanti, kuma a ƙarshen 2024 an ba da rahoton irin wannan hari a kan sojoji a Jihar Borno. A sararin samaniyar Afirka ta Yamma kuma akwai jiragen kamfanin Zipline da ke kai magunguna asibitocin karkara a Ghana tun 2019 da Jihar Kaduna tun 2022. Ƙasar da ke da jirgin magani da jirgin hari a sama ɗaya tana buƙatar na'ura mai bambancewa, kuma na'urar da aka gwada a sanyin Turai ba a san halinta a ƙurar hunturu da zafin bazara da ƙarancin lantarki ba sai an gwada ta a nan.

Haɗarin da ke gaban masu ba da tallafi iri biyu ne. Na farko shi ne jinkiri, domin shirin gwamnati yakan ɗauki shekaru daga sanarwa zuwa sayayya, masu harhaɗa jirage kuwa cikin watanni suke sauya salo, ta yadda na'urar da aka amince da ita bana tana iya zama tsohon yayi baɗi. Na biyu shi ne rinjayen buƙatar fagen daga, inda mafi yawan kuɗin yake kuma inda ba a damu da inda tarkace zai faɗa ba, abin da ke iya janye injiniyoyi daga aikin kare filin jirgi da kasuwa da filin idi. Maganin duka biyun yana hannun mai ba da kuɗi: ya gajarta matakai, ya sa a riƙa gwaji da jiragen da ake yayi a lokacin a gaban alƙalan da ba su da hannu a cinikin, ya rubuta rashin ɓarna a matsayin sharaɗin cin gasa, sannan ya tanadi kwangilar sayayya ga wanda ya yi nasara. Majalisun dokoki kuma su fayyace wanda ke da ikon kunna na'urar, da abin da za a yi da bayanan mutanen da ta naɗa, da wanda zai amsa tambaya idan ta yi kuskure, domin hukumar filin jirgi ba za ta sayi abin da doka ba ta ba ta damar amfani da shi ba komai ingancinsa.